Kowa Ya San Ciwon Yayana Ban da Shi

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, domin kaina ya kulle, kuma ranar Litinin kawai nake da ita.

Maganar ta samo asali ne tun shekarar da aka kulle gari saboda korona, wadda aka yi makonni ba a fita kasuwa. A shekarar Babanmu ya rasu. Ba korona ba ce, ciwon ƙoda ne. Abin da na sani a lokacin shi ne wani likita ya gaya masa ido da ido cewa ƙodojinsa duka biyun sun gaza, Baba ya dawo gida ya juya fuskarsa bango, ya daina magana ya daina cin abinci, kwana tara ya cika. Tun daga ranar Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe a ranta cewa bakin likita ne ya kwantar mata da miji, ba ciwo ba.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yayana. Ya girme ni da shekara shida, ni kuwa ina da arba'in da bakwai. Gidanmu na gado yana Koki, shi da iyalinsa a sashen gaba, ni a ciki. Sana'armu takalman fata, wadda muka gada, rumfa ɗaya muke a wajen Ƙofar Wambai, shi yake yanka ni nake ɗinki. Har furfura ta fito mini bai daina kirana Auta ba, ko a gaban surukaina. Yaya ya yi karatun allo, yana karanta ajami sarai, amma bai san boko ba. Ni ma haka nake, sai shekara biyu da suka wuce na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya da ake yi da yamma. Shi ya fi kowa tsokanata, in na rataya jaka sai ya ce, "Auta, hanzarta kar ka makara Hedimasta ya zane ka a gaban jikokinka." Amma duk littafin rubutun da ya cika, shi yake sayo mini sabo, ya ajiye a kan keken ɗinki ba tare da ya ce komai ba. Na kawo wannan ne saboda littafin zai shigo cikin maganar.

Yaya ya daɗe yana fama da ciki, yana ganin jini in ya zagaya, ana ta ba shi maganin basir kala-kala, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka ɗebi tsoka aka kai awo. Da sakamako ya fito, likitar da ke duba shi ta kira ni da matarsa ofis, ta ce ciwon daji ne a hanji. Ta ce an yi jinkiri amma ba a makara gaba ɗaya ba, za a yi aiki, daga baya a riƙa ƙara masa wani ruwan magani da suke kira kemo, zango-zango har sau shida. Ta ce washegari za ta zauna da shi ta yi masa bayani. Na roƙe ta ta bari mu shaida wa mahaifiyarsa tukuna.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tara mu a ɗakinta ta ce duk wanda ya furta wa ɗanta sunan ciwon nan, ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Ni ta tsare da ido, don ni ne zan zauna jinya, kuma ba ta bar ni na tashi ba sai da na ce na ji na ɗauka. Muka koma muka yi ta roƙon likita. Ba ta so ba ko kaɗan, ta ce jikinsa ne kuma haƙƙinsa ne ya sani. Daga ƙarshe ta ce to, ba za ta fara tayar da maganar ba, amma duk ranar da ya tambaye ta da bakinsa, ba za ta yi masa ƙarya ba. Mu kuma muka ce masa olsa ce ta ci ta cinye har sai an yi aiki.

Kuskurenmu, wanda ban gane ba sai da ya wuce, shi ne mun ɓoye wa mutum ɗaya mun gaya wa gari. Inna tana son addu'a, sai ta aika masallacin unguwa, ta aika Islamiyyarsu, ta aika wa dangin Baba na Gwammaja, kowa kuma aka ce masa kada ya bari mai ciwon ya ji. Kun san yadda dubiya take a cikin gari. Da an buɗe ƙofa da yamma sai ka ga mutane ayari-ayari da kwanuka da ledojin lemo. Ba yawansu ne ya dame shi ba, abin da suke faɗa ne. Akwai maƙwabcin rumfarmu da suka yi rigima a kan iyaka, shekara goma sha ɗaya ko gaisawa ba sa yi. Sai ga shi ya zo ya durƙusa, ya kama hannun Yaya ya ce don Allah ya yafe masa duk abin da ya shiga tsakaninsu. Wata ƙanwar Baba tun daga bakin ƙofa ta fara sharar hawaye. Wani abokinsa na ƙuruciya ya taso tun daga Zariya, ya zauna bai iya haɗa ido da shi ba. Kowa in zai tafi sai ya ce a yafi juna.

Ranar da suka fi yawa, bayan an watse, Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, tun yaushe aka fara neman gafarar mai olsa?" Na yi dariya na ce ai zumunci ne, mutane sun ji an yi aiki. Shi bai yi dariya ba.

Wurin aikin bai warke da wuri ba, ga ƙarancin jini, shi ya sa ba a sallame mu ba har aka fara kemo a kwance. Daga nan na fara ganin wani mutum daban a gadon Yayana. In na fita baranda amsa waya, sai ya tambaye ni waye, me ya ce, me ya sa ban amsa a gabansa ba. Yakan rufe ido kamar mai barci, in matarsa ta matso tana yi mini magana ƙasa-ƙasa sai mu ga ido a buɗe yana kallonmu. Ya lura ledar ruwan da ake rataya masa ana lulluɓe ta, ba kamar ta sauran mutane ba, kuma ya lura akwai mutum biyu a ɗakin da ake rataya wa irinta. Duka biyun an ja musu labule a gabansa, an fita da su a rufe. Ya tambaye ni me ya haɗa maganinsa da na mamatan. Na ce ai ruwa duk ruwa ne. Gashinsa ya fara zuba a kan matashi, farcensa ya yi baƙi, na ce ƙarfin magani ne.

Sai abinci. Ya ce duk abin da aka kawo daga gida ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Nas ta gaya mini maganin ne yake sa haka, amma ta yaya zan bayyana masa ba tare da na faɗi wane magani ba ne? Ya fara cewa sai na ci a gabansa kafin ya ci. Na riƙa ci. Daga baya ya ce ai ni na san gefen da ba a sa komai ba. Matar da suka yi shekara ashirin da shida tare, ya ce ita take zuba masa abu a kunu, ta fita ta zauna a kan benci tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Barci ya ƙaurace masa. Mutumin da in yana rumfa har masu wucewa suke tsayawa jin barkwancinsa, sai ya wuni bai ce uffan ba, in ya idar da salla a zaune hawaye na zuba. Ya tura takalmansa ƙarƙashin katifa, wai kada a ɗauke a hana shi gudu. Wata safiya ya fizge robar ƙarin ruwa daga hannunsa, jini ya ɓata zanen gado, ya ce a bar shi ya tafi kowa ya huta.

A ranar likita ta ce dole a kira likitan ƙwaƙwalwa. Da labari ya je gida aka yi mini ca, wai ga ciwo ga kuma za a liƙa masa hauka, mutumin da ke da 'ya'ya mata a gabansa, me za a ce da su a unguwa? Na yi ta ba da haƙuri har aka yarda, da sharaɗin a ce masa likitan barci ne. Ƙarya ta biyu ke nan. Mutumin ya zo ba farar riga, ya zauna a bakin gado suka yi hira mai tsawo, har ya tambayi yadda ake gane fatar akuya da ta tunkiya. Da muka fito ya ce mini wannan ba haukan da mutane suke nufi ba ne, damuwa ce mai tsanani da tsoro suka danne shi, ga rashin barci ga nauyin magani, kuma yana ganin haka a wurin masu doguwar jinya irin wannan. Ya ce akwai magani kuma ana samun sauƙi. Sannan ya faɗi abin da har yau yake cina. Ya ce yana iya ba da ƙwayar da za ta rage zargin guba, amma ba shi da ƙwayar da za ta hana mutum jin ana ɓoye masa abu alhali ana ɓoye masa.

Ya tambaye ni ko ina rubutu. Na ce ina taɓawa. Ya ce to kullum in rubuta masa awa nawa Yaya ya yi barci, ya ci ko bai ci ba, da irin maganganun da yake yi, don ya san ko ƙwayar tana aiki. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi a raina. Karo na farko ke nan da wani ya nemi rubutuna don wani amfani. Na juya littafina na aji ta baya na fara, ina zaune a kujerar gefen gado ina haɗa baƙi a hankali. Da Yaya ya tambaya na ce aikin gida ne Malaminmu ya aiko kada a wuce ni. Ta uku ke nan. Kuma ƙwayar ta fara aiki, ya soma samun barci, har ya sha kunun matarsa sau biyu ba tare da na ɗanɗana ba.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar na tafi layin karɓar magani na bar jakata a kan kujera. A gadon da ke kusa da mu akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ake yi wa jinyar ƙafa. Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce Yaya ya zaro littafin yana murmushi, ya miƙa masa ya ce, "Malam, duba mana aikin ɗalibin nan, mu ji ko kuɗin fensir na tafiya a banza." Bawan Allah ya buɗe ta inda biro yake, ya fara karantawa da ƙarfi. Litinin, barci awa biyu, bai ci komai ba, ya ce matarsa ta sa masa abu a kunu. Talata, ya yi kuka bayan azahar, ya ce nas tana raɗa da ni. Dattijon ya ce da ya gane abin da yake karantawa sai ya tsaya, Yaya ya ce ya ci gaba, amana ce. Ban rubuta sunan ciwon ba ko sau ɗaya, amma na rubuta cewa likitan ƙwaƙwalwa ya ce a ƙara rabin ƙwaya.

Da na dawo na same shi zaune, littafin a kan cinyarsa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ashe karatu ya yi albarka." Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi da hannunsa ya sayo littafin da ake rubuta shi mahaukaci a ciki, ya ce yanzu ya gane abin da ya kai ni makaranta da tsufana. Na rantse, na yi bayani, na kira likitan ƙwaƙwalwar ya zo ya yi nasa, Yaya ya saurare mu duka ya ce ya gode. Ya tura littafin ƙarƙashin matashinsa. Daga ranar ya daina shan ƙwayar, ya daina karɓar komai daga hannuna, kuma bai sake kirana da wani suna ba sai Malam.

Lokacin kemo na huɗu ya zo ya ce ba wanda zai sake rataya masa ledar nan. Aka ɗaga ranar, ta sake zuwa, ya sake ƙi. Yanzu cewa yake a sallame shi. Likita ta ce in ya dage ya dangwala yatsa a takardar sallama ba ta da ikon riƙe shi, kuma duk satin da ya wuce ba magani ciwon ne yake samun fili. Ta ce ba ta ga laifinsa ba, wa zai yarda a yi ta zuba masa abin da ke zubar masa da gashi saboda olsa? Ta ba mu zuwa Litinin, ko mu gaya masa, ko mu bari ta gaya masa muna wurin, ko mu ɗauke shi. Na je wa Inna da wannan, ta ce a dawo mata da ɗanta gida a ci gaba da addu'a, maganarta kuma tana nan ba ta janye ba. Matarsa ta ce ita tana so a faɗa masa, amma ba da bakinta ba, don in wani abu ya faru dangi za su ce ita ta ƙarasa shi. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce ba a wasa da furucin uwa, ɗaya ya ce ba a yi wa iyaye biyayya a cikin abin da zai cutar da rai.

Ni kaina abin ya fara kama ni. Ina zargin tsohon malamin nan ya gaya masa fiye da abin da ya ce ya karanta. Ina zargin matarsa ta yi masa nuni. In masu dubiya sun zo bakinsu nake kallo. Amma babban zargina shi ne Yaya ya sani. Kullum da safe likita takan tsaya a kansa ta ce, "Malam, akwai abin da kake son tambayata?" Bai taɓa tambaya ba. Ba ita yake kallo ba ma, ni yake kallo, har sai ta wuce gado na gaba.

Shekaranjiya da hantsi ina ninke masa kaya, ya juya fuskarsa bango, irin juyawar da Baba ya yi. Can sai na ji ya ce, "Malam, kai ba ka yi jinyar Baba ba, ni na yi." Na ce haka ne. Ya ce wata biyu kafin wancan likitan ya yi magana, wani likita ya riga ya gaya musu shi da Inna, suka haɗa baki suka rufe, har ni ba su gaya wa ba. Ya ce a cikin kwana taran nan sau ɗaya Baba ya yi masa magana, ya ce masa, "Ashe kana kallona ina ta sayen fatar takalman salla da ba zan yanka ba, ba ka ce mini komai ba." Daga nan Yaya ya ja mayafi ya rufe kansa. Na buɗe baki zan faɗa masa, na tuna maganar Inna, na ci gaba da ninke rigar da ke hannuna.

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko ciwon ne yake magana, ko kuwa tarko ya ɗana mini ya ga abin da zan ce. Jiya na je na tambayi Inna ko an yi haka. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in tashi in ba ta wuri.

To jama'a, ga inda nake. In na faɗa masa, na taka maganar uwar da ta haife ni, kuma in ya juya bango bai sake juyowa ba, da wane ido zan kalle ta? In na yi shiru, ranar Litinin zai dangwala yatsa mu dawo da shi Koki ba magani, yana kallona a matsayin wanda ya ci amanarsa. In kuma na bar likita ta faɗa ina tsaye a gefe, to an maimaita na Baba ke nan, bare ya faɗa ɗan'uwa yana kallo. Waɗanda suka taɓa jinyar mai irin wannan ciwo, kun faɗa ko kun ɓoye, kuma yaya ta ƙare? Malamai, furucin Inna zai kama ni in na yi don ceton ransa? Ma'aikatan asibiti da ke cikin zauren nan, mutumin da ke cikin wannan hali zai iya ɗaukar maganar? In zan faɗa, da wace kalma zan fara?

Don kada wani ya ce in ƙara haƙuri, ni mai haƙuri ne, kowa ya shaide ni da shi. Ga abin da haƙurin ya ci zuwa yau. Wata huɗu rumfa a rufe. Kilo goma sha huɗu daga jikin Yaya. Ranar magani biyu. Barcin da ya fara dawowa. Littafi ɗaya, yana ƙarƙashin matashinsa. Da kwana goma sha tara rabon da ya ce mini Auta.